Ƙuri'ar Jakar Wayoyi

Kullum da safe, a wata makarantar gwamnati da ke birnin Gunsan, 'yan ajin Malama Pyo kan zuba wayoyinsu cikin jaka mai aljihu talatin, a kai ofis sai an tashi. Da-bin, shugabar ƙungiyar ladabin intanet, ita ke fara saka tata, tana wani ɗaga kai. Tsohuwar wayar kakarta ce da ta daɗe da lalacewa. Ta gasken tana cikin safarta.

Ranar Laraba Malama ta shigo rungume da jakar.

"Hukumar ilimi na son jin ra'ayinku: a ci gaba da karɓar waya ko a daina? Kowa ya ɗauki tasa ya jefa ƙuri'a da ita."

Da-bin ta danna, ta sake dannawa, wayar ba ta kunnu ba. Da ta saci kallon gefe, sai ga maƙwabcinta Seok-ju yana hura wa tasa iska. Ajin kaf, babu wayar da ta kawo haske. Dariya ta ƙwace mata har da ƙwalla.

"Shugaba, har da ke?" in ji Seok-ju.

"Rufe mana baki, taka ko batir babu."

Malama ta juya musu baya. "Zan ƙirga goma. Ban ga komai ba."

Wayoyi suka yi ta fitowa daga safa, hannun riga, har da kwanon abinci.

Sakamako ya bayyana a allo: su talatin ɗin, duk sun zaɓi a ci gaba da karɓa.