Haƙorin Yanke Zare

Almakashi uku gare ni a shago, ɗaya ma a wuyana yake rataye, amma da haƙori nake yanke zare. Haƙori ɗaya, na gaba, ta ƙasa. Tun ina koyon ɗinki yake wannan aiki, bai taɓa neman hutu ba.

Bara ya fara girgiɗi. Dasashi ya kumbura, in na wanke baki sai jini, daga baya har da mugunya da zazzaɓi. Likitan haƙori ya ɗaga hoton bakina a gaban fitila, ya ce ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye, kuma ga mai ciwon suga irina, barinsa ganganci ne. Na yi masa godiya sosai. Ban koma ba.

Ba rashin sani ba ne. Yayana ma da haƙori ya fara, kumburi ya gangara masa maƙogwaro, ina riƙe da hannunsa a gadon asibiti numfashi ya gagare shi. Na san inda hanyar ta nufa. Kawai dai kujerar likitan ta fi kabari ba ni tsoro, don shi kabari ba a cewa ka buɗe baki.

Auta, 'yata, bincike take yi a jami'a kan ciwon dasashi. Ranar nan ta zo shago ta zauna a kan benci, ta daɗe tana kallon kumatuna.

"Baba, guntayen ƙyallen nan da kake tarawa a buhu, me kake yi da su?"

"Aljihu. Cikon matashi. Ba a zubarwa."

"To haka ƙwayoyin jiki suke. Kowacce tana tattara abin da ya lalace a cikinta, ta narkar, ta sake amfani da shi. In wannan shara ta samu matsala, kumburi kan ƙi kwanciya, har ya kai ga ƙashi. Abin da nake nema ke nan, me ya sa take tsayawa."

"Wato bakina shagon ƙazami ne."

"Ni ban faɗa ba." Ba ta yi dariya ba. "Ina bukatar haƙori mai irin ciwon naka, Baba. Na rasa. In ban samu ba aikina ya tsaya."

Na kashe keken ɗinki. Yarinyar nan ko takalminta ya tsinke ba ta faɗa, sai dai a gani.

Da kanta ta raka ni wurin likitan. Na kwanta a kujerar, na buɗe baki, hawaye na gangara mini cikin kunne. Na ce wa likita fitilarsa ce ta yi ƙarfi. Ya jefa haƙorin a 'yar kwalba, Auta ta karɓa da hannu biyu.

Kumburi ya sace, zazzaɓi ya tafi. Duk wanda ya tambayi giɓin, nakan ce masa haƙorin yana jami'a, ya riga mai shi shiga.

Watan jiya na kai mata riga wurin aiki, ban same ta ba. Abokiyar aikinta ta ba ni kujera, na ce ko za ta nuna mini inda suka ajiye haƙorina. Ta duba ni, ta duba firjin da ke bayanta, ta ce ko dai wani ɗakin nake nufi.

Ashe ɗakin bincikensu bai taɓa karɓar haƙorin mutum ba. Da ɓeraye suke aiki.