Jinjirin Wata a Dogon Gilashi

A unguwarmu, nan bayan Gobarau, ba a cewa an ga wata sai babana ya ce an gani. Haka na tashi na tarar. Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, Malam Ɗanliti zai hau saman benenmu tun rana ba ta faɗi ba, mutane kuma su taru a ƙofar gida bayan magariba, kowa ya ɗaga kai yana jira. In ya ce ya gani, sai a raka shi wurin mai unguwa ya ba da shaida, daga nan magana ta wuce gaba. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa shi. Amma da ita aka san shi, kuma ban taɓa jin an ce ya faɗi abin da bai gani ba.

To, idon nan ya tafi. Likita ya ce ba yana ba ce balle a kankare, can ciki ne abin ya gaji, tabarau ma ba zai yi wani amfani ba. Daga ni sai Inna muka sani, don Baba ya ja mana kunne. Hanyar masallaci ƙafarsa ta haddace ta. Mutane kuwa da murya yake gane su, sai ya bari ka fara gaishe shi sannan ya kira sunanka har da na kakanka, ka tafi kana jin daɗi. Bara hadari ne ya rufa mana asiri, ba wanda ya ga komai a garin. Bana kuwa sama ta wanke tas kamar da gayya.

Wallahi na shiga damuwa. Ina tsoron ya tsaya a gaban jama'a yana lalube, yaran da ya yi wa huɗuba suna nuna masa wata da yatsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne, mutumin nan ya san inda watan yake tsayawa kamar yadda ya san ɗakinsa. Ina gudun zuciya ta nuna masa abin da ido bai nuna masa ba, ya buɗe baki ya ce ya gani, sunan da ya yi shekaru yana tattali ya zube a yamma ɗaya.

Ni sana'ata hoto ce, na biki da suna. Kyamarata 'yar ƙarama ce, irin marar madubin nan da ake yayi, tafin hannu ya ishe ta. Gilashin da ke bakinta gajere ne, na ɗaukar amarya da ƙawayenta a tsakar gida. In ka nufi sama da shi, wata cikakke ma ɗigon fura yake komawa, balle jinjiri. Don haka ranar duban watan da safe na hau babur na nufi Ƙofar Durbi, wurin Abbas, abokina tun makarantar allo, wanda shagonsa ya fi kama da asibitin kyamarori.

"Siddiƙu na Malam! Ina kwana? An tashi lahiya? Ya Malam, ya Inna, ya jama'ar Gobarau?"

"Duk lahiya lau. Ya kasuwa, ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Mi ya fiddo ka da sassafe haka, fuska kamar wanda aka kora daga biki?"

Na ce masa gilashi nake so ya ara mini, mafi tsawo da yake da shi. Ya kwashe da dariya.

"Halan wata ka hango a Ɓatagarawa, kana son ɗaukarta daga nan ba tare da ka sha mai ba?"

"Wata dai kam, amma na sama. Jinjiri nike son ɗauka yau."

"Jinjiri? Kai da ke da ido a gida? Ai Malam..."

Bai ƙarasa ba. Ya dube ni, na kau da kai ina kallon wayoyin caja da ke rataye a bango. Abbas surutu gare shi kamar rediyo, amma yana da hankali. Bai ƙara tambaya ba, sai ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur ya buɗe.

Ya fara miƙo mini wani mai sauƙin nauyi, wanda ake murɗawa ya miƙe ya dawo. Ya zauna a bakin kyamarata daram, har na ji sanyi a raina. Na leƙa waje na jawo allon wani shagon ɗinki da ke can ƙarshen layi, ya zo kusa sosai.

"Wanga da rana sarki ne," in ji Abbas. "Amma da magariba ta yi, makaho ne. Bakinshi ƙarami ne, haske bai isarshi."

Kalmar nan ta soke ni, shi ma ya lura, ya yi saurin sunkuyawa cikin akwatin. Ya ɗago da wani dogo baƙi, fentinsa duk ya goge, tsohon yayi ne na manyan kyamarorin da. Da na karɓa sai da hannuna ya yi ƙasa. Bakinsa bai dace da kyamarata ba, sai da aka sa adafta a tsakani. Da aka haɗa su, abin ya zama kamar an ɗaura wa kaza taɓarya.

"Kada ka kuskura ka riƙe kyamarar ka bar shi yana reto, sai ya ɓalle mata baki," ya ce. "Shi za ka ɗaure bisa ƙarfen ɗora kyamara mai ƙafa uku, ita ta bi shi. Kuma bai san saitin kanshi ba, da hannu za ka murɗa. Tun da sauran rana ka nemi abu mafi nisa, ƙarfen sabis ɗin nan na wajen Ƙofar 'Yandaka ya isa, ka saita shi ya fito tar, sannan ka naɗe zoben saitin da salatif don kada shi motsa. In ka bari duhu ya fara, ba ka ƙara samun saitin."

Ya haɗa mini da mai ƙafa uku mai nauyi, da batir na biyu, da 'yar roba da ake sawa a tagar leƙawa don ta tare hasken gefe. Na ce a ba ni ƙaramin mai ƙafa ukun da nake gani a jingine, ya fi sauƙin ɗauka a babur. Ya ce in iska ta kaɗa shi sau ɗaya, watan zai yi ta tsalle kamar ɗan akuya, in ɗauki babban in daina ragwanci.

Har na ɗaure kaya ya riƙo hannun babur ɗin.

"Abu biyu, Siddiƙu. Gilashin ga ɗan wuri kaɗan yake gani a sama. In ba ka san daidai inda watan yake ba, sai ya faɗi kana lalube. Na biyu kuma, ka dai san tagar ga da ake leƙawa ba madubi ba ne a ciki. Ɗan talabijin ne."

"Na sani," na ce masa a fusace, kamar shi ya ƙera ta. Na ja babur na tafi, maganar tana bina har gida.

Ban ce wa Baba na kawo masa ido ba, wa ya isa. Na durƙusa na ce ina son ɗaukar hoton jinjiri ne, kuma ban san inda zan nufa ba sai ya nuna mini. Ya ja carbinsa.

"Hoto dai?" ya ce.

"Hoto, Baba."

"To, Allah shi kai mu."

Da la'asar sakaliya muka hau. Ina bayansa a matakala, hannuna a buɗe ko zai zame, shi kuwa yana tafiya a miƙe don kada maƙwabta su ga an riƙe shi. Na kafa mai ƙafa uku, na nemo ƙarfen sabis ɗin, na murɗa har na ga tsatsar jikinsa, na naɗe da salatif.

Rana ta faɗi. Muka yi sallar magariba a nan saman, ni dai Allah Ya karɓa, don rabin hankalina yana yamma. Muna sallamewa Baba ya miƙe ya fuskanci inda jan ya rage.

"Ina rana ta faɗi? Kai hannuna wurin."

Na kama hannunsa na nuna. Ya miƙe shi sosai, ya jera yatsunsa a kwance, ya ɗaga kaɗan, ya karkata hagu.

"Nan. Kada ka wuce nan."

Na juya gilashin na leƙa. Babu komai sai toka-toka. Na yi sama, na yi ƙasa, na dawo. Babu. A ƙasa kuwa an fara taruwa, ina jin takalma da gaishe-gaishe, yara suna ta guje-guje. Can na ji muryar Malam Zakari, ƙanin mai unguwa, wanda shi ke raka Baba kai shaida kowace shekara.

"Malam, barka da yamma! Ya ibada? Muna nan muna saurare!"

"Barka kadai, Malam Zakari! A ɗan ƙara haƙuri!" Baba ya amsa da murya garau, kamar ba abin da ke damunsa. Amma na ga yadda ya damƙe bakin katanga.

Gumi ya jiƙa mini riga. Na fara zagin Abbas a zuci, da gilashinsa, da ni kaina da na ɗauko wannan dabara. Jan yamma yana ta raguwa, na san jinjiri ba ya daɗewa. Wani siririn girgije ma ya taso daga kudu, ban san daga inda ya fito ba.

"Ka yi sama da yawa," in ji Baba a hankali. "Ina jin ƙarar abin naka. Sauko kaɗan. Kaɗan na ce."

Na sauko kaɗan. Sai ga shi ya shigo ta gefen tagar, siriri kamar yankan farce, yana rawa. Na ɗaure makullin mai ƙafa ukun, na ɗauke hannuna, rawar ta tsaya. Na danna na ƙara masa girma da haske har ya cika tagar.

"Baba, zo ka duba mani ko saitin ya yi."

Ya san ba saiti nake nufi ba. Ya matso, na kai fuskarsa wurin robar, na riƙa juya ɗan ƙaramin zoben da ke daidaita tagar da idon mai leƙawa. Ya ce in tsaya. Ya daɗe a sunkuye yana kallo, ina jin numfashinsa.

"Ga shi nan," ya ce, muryarsa ta sauya. "Ya kwanta bisa bayanshi. Kai, ɗan nan. Ga shi nan."

Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Na ce a raina shi ke nan, an tsira. Saura kawai ya leƙa ƙasa ya ce ya gani, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Sai ya ɗago.

"Siddiƙu, abin ga da na leƙa. Gilashi ne kamar tabarau, watan nike gani ta cikinshi? Ko hotonshi ne aka nuno mani?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da mutanen da ke ƙasa, kuma a bakina take. In na ce gilashi ne, ba zai taɓa ganewa ba. Na dubi tsohon nan da bai taɓa karɓar shaidar da aka ƙawata ba, na ji ba zan iya ba.

"Hoto ne, Baba. Amma na yanzu-yanzu ne, watan ne da kanshi, wallahi yana nan..."

"Na yarda yana nan."

Ya matsa gefe, ya ɗaga kai ya kalli wurin da idonsa. Ya goge su da bakin rawani ya sake kallo. Daidai wurin yake kallo, ko kaɗan bai kauce ba. Na tsaya ina addu'ar da ban san me nake roƙo a cikinta ba. Daga nan ya dafa katanga ya leƙa ƙasa.

"Malam Zakari!"

"Na'am, Malam! An gani?"

"Ni ban gan shi ba. Idona ya tahi, ya daɗe da tahiya. Amma watan na nan. Ku hawo da masu ido in nuna masu wurin, ku yi sauri kahin shi faɗi."

Sai kuma na ji ana rige-rigen matakala. Malam Zakari ne a gaba, da Mati tela, da wasu samari. Ba wanda ya iya haɗa ido da Baba, shi kuwa ko a jikinsa. Ya kama hannun Mati ya miƙe shi, ya jera masa yatsu, ya karkata shi hagu.

"Bisa ɗan yatsanka na tsakiya. Kada ka ƙura mashi ido, dubi gefenshi kaɗan."

"Allahu Akbar! Ga shi can!" in ji Mati. Wani saurayi ma ya gani, sai Malam Zakari, sai kabbara ta kama har ƙasa. Nan da nan suka juya suka sauka, za a kai shaida wurin mai unguwa. Malam Zakari ya tsaya a bakin matakala, ya waiwayo kamar zai ce a zo a tafi, ya rasa yadda zai faɗa.

"Ku tahi," in ji Baba. "Waɗanda suka gani su za su faɗi."

Muka ji hayaniyar ta bi lungu tana nisa, har ta ɓace. Saman benen ya rage daga ni sai shi. Haushin kaina ya ishe ni, na kai hannu zan kwance kayan in mayar wa mai su.

"Kada ka kashe," ya ce.

Ya lalubo robar da hannunsa, ya sunkuya ya sa ido. Watan yana ta zamewa ƙasa, ni kuma ina sauke gilashin a hankali ina bin sa don kada ya fita daga tagar. Haka muka yi, yana kallo ina bi, har ya shige bayan rufin gidajen yamma.