Wutar da Sahabi Ya Kashe

Sahabi dillalin motoci ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya soka 'yar na'urar da bai daɗe da sayo ta a Sabon Gari ba, ya latsa wayarsa. Wutar gargaɗin da ta yi wata biyu tana ci a gaban motar ta mutu nan take.

"Ka gani?" ya ce wa Kamilu, mai motar. "Ta warke."

"Giyar fa? Har yanzu tana fizga in ta yi zafi."

"Kafin ta yi zafi ai mai saye ya wuce Tsafe. Daga nan kuma ƙaddara ce."

Kanikawa suna sa wa mota wannan na'ura ne don su ji ciwonta. Sahabi kuwa maɓalli ɗaya ya koya, na goge laifin da motar ta nuna, kuma ya ishe shi cin abinci.

Bayan azahar mai sayen da aka ce zai zo daga Bilbis ya sauka daga kan babur. Alhaji Hamidu ne mai hatsi, mahaifin matarsa Suwaiba.

Ya durƙusa har ƙasa. "Baba, ashe ku ne? Da an faɗa min ai da na nemo muku wata."

"Wannan ɗin me ta yi?"

Sahabi ya dubi Kamilu. Kamilu ya dubi sama.

"Ba komai, Baba. Lafiyarta ƙalau."

Tsohon ya zagaya motar, ya buga taya da sandarsa. Sai ya sa hannu cikin aljihun babbar riga, ya zaro na'ura irin ta Sahabi sak, har launi.

"Direbobin da ke ɗaukar min hatsi ne suka koya min wayo dole," ya ce. "Riƙe min sandar."

Ya soka ta, ya gyara tabarau, ya nisanta wayar daga fuskarsa ya yi ta kallo. Sahabi yana tsaye da sanda kamar mai gadi.

"Ikon Allah. Ba laifi ko ɗaya." Ya ƙara latsawa. "Amma na'urar ta ce tun da aka goge wa motar laifuffukanta, ko kilomita guda ba ta yi ba. Malam Sahabi, motar nan yau ta tuba ke nan?"

Dillalan da ke zaune kan benci suka fashe da dariya. Mutum ba ya musu da surukinsa, balle a gaban jama'a. Sahabi ya sunkuyar da kai yana jiran a ce an fasa, gobe Bilbis duka ta ji, Suwaiba ma ta ji.

"Kai, mai mota, na saya," in ji Alhaji Hamidu. "Allah ya sa albarka."

Sahabi ya ɗago. "Baba, da dai kun ƙara dubawa..."

"Ba kai ka ce lafiyarta ƙalau ba? Ni ba na ƙaryata suruki." Ya karɓi makullin daga hannun Kamilu, ya danƙa wa Sahabi. "Dama ba ni zan hau ba. Ta matarka ce, ta huta da bin motar haya zuwa wurin aikinta a Bungudu. Saye nawa ne. Fetur da gyara kuwa, ka sani, na miji ne."

Ya karɓi sandarsa, ya ɗaga wa mai babur hannu.

Sahabi ya tuƙa motar zuwa gida a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Daidai shataletale giyar ta fizga, wutar ta dawo.