Shafi na Sittin da Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina sakatariyar sashen ilimin noma a jami'armu, ban taɓa ganin ɗan kallo ya ɗaga hannu a wajen kare kundin digiri na biyu ba. Doka ta ce zaman na kowa ne. Idan malamai sun gama yi wa ɗalibi tambayoyi, shugaban zama yakan juya ya ce, "Ko akwai tambaya daga 'yan kallo?" Yana faɗa yana tattara takardunsa. Kowa ya san ba tambayar ake nema ba, ban da Waldo Loewen.

Waldo manomin alkama ne a kudancin lardin Manitoba, mahaifin ɗalibarmu Kendra. Kundinta a kan fara mai cin amfanin gona ne: yawan farar da manomi zai gani a gona kafin feshi ya zama dole. A kowace gona takan ware wani yanki ta kafa masa tutoci, a bar shi ba feshi ko fara za ta cinye shi tas, don a kwatanta shi da inda aka fesa. Gonaki huɗu ta yi amfani da su, ta huɗun ta mahaifinta ce.

Digirin shekara biyu ne, nata ya kai uku. Ni na buga takardar ƙarin wa'adin, a gurbin dalili ta rubuta "matsala a gona" ta yi shiru. Waldo kuwa bai yi shiru ba. Duk sanda ya shigo gari sayen kayan tarakta sai ya biyo ofishina da burodin da matarsa ta gasa, ya jingina da ƙofa.

"Bernice, ina babbar ɗalibar taku? Ni na shuka na girbe sau uku, ita har yanzu takarda ɗaya take rubutawa. Ko dai ku ba ta ɗaki a nan ta tare gaba ɗaya?"

Kendra takan yi murmushi ta ce, "Na kusa, Baba." A cocinsu ma haka yake yi mata, ita ta gaya mini.

Ranar Juma'ar ƙarshen Afrilu aka sa zamanta. Sa hannun malamai uku take bukata a takarda ɗaya, in kai ta ofishin manyan digiri kafin ƙarfe huɗu. In ba haka ba babu ita a bikin yaye ɗalibai na watan Yuni, kuma aikin malamar gona da aka yi mata alkawari sai ya wuce ta, don sun ce sai da shaida.

Malaman nan uku na san su kamar tafin hannuna, don ni nake buga kundi in raba musu, ni ake mayar wa. Farfesa Ashcroft, mai kula da aikinta, yana ƙasar waje hutun bincike a shekarar da aka ƙara mata wa'adi, kuma duk saƙon da ta aika masa amsarsa kalma ɗaya ce, "Madalla." Dokta Brisebois takan karanta har inda gindin kofin shayinta ya bar tabo, wato wajen shafi na talatin. Mai jarrabawa na waje, Farfesa Lindqvist, ya fi su himma. Yakan buɗe ƙarshen kundi ya duba ko an ambaci sunansa, sannan ya ƙirga sau nawa.

Ƙarfe goma aka fara. Kendra ta kawo wa malamai kofi da donat bisa al'ada, don a jami'a wanda za a yi wa hukunci shi ke ciyar da alƙalai. Waldo ya zauna a layin baya cikin kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi, hularsa a kan gwiwa. Tun shigowarsa na lura ba ya wasa da kowa, ko ni bai tsokana ba.

Ta yi bayaninta tsaf cikin minti ashirin. Dokta Brisebois ta yi tambayoyi masu zurfi, dukkansu daga shafi na ɗaya zuwa na talatin. Farfesa Lindqvist ya ce yana da 'yar gajeriyar tambaya, ya yi minti goma sha huɗu yana ba mu labarin binciken da ya yi tun kafin a haifi Kendra, ya rufe da, "Me za ki ce?" Ta ce ta yarda da shi ƙwarai. Ya ce amsar ta yi ma'ana.

Sai Farfesa Ashcroft ya soma tattara takardunsa. "Ko akwai tambaya daga 'yan kallo?"

Waldo ya ɗaga hannu. Bai jira an ba shi izini ba ya miƙe.

"Ni ba tambaya ce da ni ba, Farfesa. Na ji tana cewa yankin da ba a fesa ba. To, nawa an fesa shi. Ni na fesa."

Dokta Brisebois ta ajiye donat ɗinta.

"Shekarar farko ce," in ji shi, yana murza hular. "Kullum in na fito sai in gan shi, fara ta rufe shi, har ƙarar cinsu kake ji. Shekara arba'in ina noma ban taɓa tsayawa ina kallo ana cinye mini alkama ba. Rannan da safe ina feshin sauran gonar, da na zo wajen tutocinta sai ban kashe injin ba. Ban gaya mata ba. Yanzu na ga za ku sa hannu a kai, ni kuma ba zan bari a sa hannu a kan ƙarya ba."

Na dubi agogo, na dubi takardar da ke hannuna.

Farfesa Lindqvist kuwa fuskarsa ta yi haske kamar an ce masa an sa wa gini sunansa. Ya gyara zama. "Wannan babbar magana ce. Idan an fesa yankin kwatance, duk lissafin kundin ya rushe. Na yi mamaki da ɗalibar ba ta lura ba. Ni kam tun ina karantawa na ji wani abu bai zauna ba."

"Ni ma haka," in ji Dokta Brisebois.

Farfesa Ashcroft ya ce lallai shi ma ya daɗe yana da shakku, ya matsar da kujerarsa kaɗan daga wajen Kendra.

Kendra ba ta dubi mahaifinta ba. Ta ce, "Shafi na sittin da ɗaya, Farfesa."

Kun san ƙarar da sabon littafi ke yi in an buɗe tsakiyarsa karo na farko? Sau uku na ji ta, ɗaya bayan ɗaya.

Ta karanta musu da kanta, a hankali. An cire duk sakamakon gona ta huɗu na shekarar farko, saboda an fesa yankin kwatance bisa kuskure. An sake gwajin a shekara ta uku don cike gurbin. Akwai jadawali a ƙasa, har da hoton sawun tayar tarakta a tsakanin tutoci.

Farfesa Lindqvist ya yi gyaran murya ya ce ai abin da yake nufi ke nan, yana son ya ji ko za ta iya kare kanta. Farfesa Ashcroft ya tuna cewa shi ne ma ya ba ta shawarar. Aka fitar da mu waje don malamai su yi shawara, aka rufe ƙofa a kansu da sauran donat.

A baranda Waldo ya zauna a benci. Kendra na tsaye.

"Tun yaushe kika sani?"

"Washegari. Wa ke da tarakta mai faci a tayar hagu in ba kai ba?"

"Shekarar da aka ƙara miki ke nan."

"Ita ce."

"Ni kuma ina ta..." Bai ƙarasa ba. Can ya ce, "Kin rubuta kuskure. Ba kuskure ba ne, ina sane."

"Na sani, Baba. Kundin zai zauna a laburare har abada, da sunan gonarmu a ciki. Me kake so in rubuta?"

Na juya na kama gyaran wata sanarwa a allo wadda ba abin da ya same ta. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka.

Bayan minti bakwai aka buɗe ƙofa. Kendra ta ci, ba gyara ko ɗaya, abin da ban gani ba tun shekara tara. Suka sa hannu da sauri ba mai kallon wani, suka ajiye mini kundayensu a tebur suka watse.

Zan fita da takardar sai Waldo ya tare ni. "Bernice, ko akwai ragowar littafin nan?"

Na ba shi na Farfesa Lindqvist, don ya fi sauran sabunta.

Da na dawo daga ofishin manyan digiri ƙarfe ɗaya saura, Kendra ta tafi gwada rigar bikin yaye ɗalibai. Shi kuwa Waldo yana nan a bencin, tabarau a karan hanci, yatsansa mai kaushi yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Bai tsallaka zuwa sittin da ɗaya ba. Daga shafin farko ya fara, kuma ya riga ya wuce na talatin.