Wanda Ke Bayan Kifin

Duk Port Sudan babu wanda ya kai Oshek fitowa a hoto, kuma babu mahaluƙin da zai iya shaida shi. A hotunan Turawan da yake jagoranta nutso, wani wurin yatsansa za ka gani yana nuna kunkuru, wani wurin gefen takalmin robarsa, wani wurin ma kumfar numfashinsa kawai. Da za a bi Italiya da Jamus a tattaro gaɓoɓin nan a harhaɗa, wataƙila a samu mutum guda, amma ba kai.

Abin bai taɓa damunsa ba sai da ya je Sinkat gaida mahaifiyarsa. Mutanensu 'yan kan duwatsu ne, raƙumi da nono da naman da aka gasa a kan dutse. Kifi kuwa ko kyauta aka ba su sai sun toshe hanci. Mahaifiyar tasa, tsohuwa Madina, wadda suke kira Yumma, ta daɗe da gama bincikenta a kan sana'ar ɗanta: wanki yake yi wa Turawa a jirgi, kunya ce ta sa yake cewa ƙarƙashin teku yake shiga.

"Yumma, ni ne fa a gaba, su suke bina," in ji shi, tana dakan gahawa. "Inda na ce a tsaya nan ake tsayawa."

"A cikin ruwan?"

"A cikin ruwan."

"To Allah ya ƙara ɗaukaka. Sabulun fa, su suke saye ko kai?"

Ya buɗe baki zai rama, sai ya ga ta ɗaga tulun gahawa ta tsiyaya a gefen kofin, a kan tabarma, tana jiran ya ɗauka. Da zai tafi ƙanwarsa Asha ta biyo shi bakin ƙofa ta ce, "Idon hagu ya tafi, na dama ma yana haɗa kaya. In akwai abin da za ka nuna mata, ka nuna mata bana."

Hoto ɗaya yake so, babba, mai fuskarsa a ciki, a ƙarƙashin ruwa. Shi ke nan buƙatar.

Ana haka sai Allah ya kawo Gaetano, wani ɗan Italiya mai furfura, da akwatunan da suka cinye rabin jirgin. Kyamararsa tana zaune cikin wani gidan ƙarfe mai ƙaton gilashi a gaba, ga hannuwa biyu sun miƙe hagu da dama, kowanne da fitila, ta zama kamar ƙaguwa. Rayyis Bakash, mai tuƙa jirgin, ya zagaya ta ya ce, "Oshek, tambayi mutumin nan, hoto ya zo ɗauka ko haƙar mai?"

Kowace safiya Gaetano zai zauna yana shafa wa wani siririn zoben roba mai, zoben da ke hana ruwa shiga gidan kyamarar. Ba a tari kusa da shi, ba a kaɗa tawul. Rayyis ya rantse da matar mutumin ta samu rabin wannan lallashin da ba ta bar shi ya yi tafiya ba.

Oshek ya jira har aka rufe kyamara lafiya, sannan ya matsa ya faɗi buƙatarsa.

"Hotonka?" Gaetano ya dafa kafaɗarsa, da guntun Larabcinsa. "Abokina, dama mutum nake nema! Zan mai da kai sarki. Duniya za ta gan ka."

Oshek bai nemi duniya ba, tsohuwa guda ya nema, amma ya yi godiya. Ya yi aski, ya daidaita gashin baki, ya ari sabon tabarau na ruwa mai faɗin gilashi don idanunsa su fito. Har turare ya shafa.

"Turare kuma?" in ji Rayyis. "Wa zai shaƙa, kifayen? Ko a can ƙasan aka yi maka mata?"

"Kai dai riƙe sitiyarinka, tsoho."

Kafin su faɗa ruwa Gaetano ya yi bayani dalla-dalla. Oshek zai tsaya sama, tsakanin kyamara da rana. Zai riƙe tocila, ya haɗe ƙafafu, kar ya saki numfashi lokacin da za a danna. Oshek ba yaro ba ne, ya san abin da ke samun wanda ya ba rana baya a hoto. Ya ce, "Fitilun nan za su kai inda nake?" Gaetano ya sumbaci yatsunsa ya ce ya bar masa komai. Shi kuma ya dubi yawan akwatunan ya ce a ransa, kayan da suka kai wannan nauyi ai ba za su rasa fuskar mutum ɗaya ba.

Suka sauka ta gefen katangar murjani a Sanganeb. Can a bakin wani rami suka tarar da jibgegen kifi ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, ya saki leɓe kamar tsohon da aka ɓoye wa taba. Gaetano ya manna masa gilashi a hanci, ya ɗaga hannu ya yi wa Oshek alama: koma baya. Ya koma. Ƙara. Ya ƙara. Yi sama kaɗan. Har Gaetano ya zama ɗan mitsitsi a idonsa, bai tsaya ya yi tunanin cewa shi ma haka ya zama ba. Fitilu suka yi ta walƙiya. Oshek na can yana murmushi da robar numfashi a baki, murmushin ya ɗaga tabarau, ruwan gishiri yana shiga masa ido, ya daure. Sarki ai ba ya motsi. Sai da iskar tulun numfashinsa ta kusa ƙarewa aka sallame shi.

Da suka hau jirgi Gaetano ya rungume shi, amma ya ƙi nuna hoton. Wai sai ya je gida ya gyara, ɗanyen abinci ba a kai wa baƙo.

Hoton ya iso da rukunin Turawa na ƙarshe kafin zafi ya tsayar da jirage, a naɗe cikin kwali, da albishir cewa ya ci wata gasa a garinsu Gaetano. Suka baje shi a kan teburin cin abinci. Kai, hoto ya yi kyau, ba a magana. Kifin ya cika takardar, kana iya ganin kowane ɗigo a jikinsa. Can sama a kusurwa, cikin hasken rana, ga wani baƙin abu tsawon ɗan yatsa riƙe da tocila. A ƙasa an rubuta sunan Gaetano, da sunan kifin na boko, da sunan kyamara, har da na fitilu.

Rayyis ya sunkuya ya daɗe yana kallo. "Wallahi ya kama ka sak. Ga ƙafafunka nan, duka biyun."

Oshek ya kira Italiya ransa a ɓace. "Ina fuskata?"

"Fuska ɓata hoto take yi, abokina! A nan kai ba Oshek ba ne, kai ne ɗan Adam gaba ɗaya, a gaban girman teku!"

Ɗan Adam gaba ɗaya ya kashe wayar. Ya so ya jefa takardar inda aka ɗauko ta, amma Turawa sun watse, babu wata kyamara sai baɗi, kuma baɗi ba ta cikin lissafin Asha. Ya naɗe hoton ya hau motar Sinkat, yana ta shirya yadda zai ɗora yatsan tsohuwa a kan baƙin ɗigon ya yi mata rantsuwa.

Ya same ta a inuwar gida da hantsi. Asha ta riƙe gefe guda, shi ya riƙe ɗaya, suka buɗe mata. Tsohuwa ta karkata kai, ta kawo idon dama har hancinta yana taɓa takardar. Sannan ta ɗaga hannu a hankali ta ɗora a kan kumatun kifin.

"Masha Allah," in ji ta. "Ashe da gaske kake. Dubi yadda ka yi ja, ka yi ƙiba. Ruwan ne ya kumbura maka baki haka?"

Asha ta ja numfashi za ta yi magana, Oshek ya girgiza mata kai. Sai a lokacin ya gane iyakar abin da ya rage a idon nan, kuma baƙin ɗigon da ke kusurwa ba ya ciki.

"Ruwan ne, Yumma. Haka yake mai da kowa."

"Ba ka jin tsoro a can?"

"Wani lokacin ina ji."

Ta shafa fuskar kifin da tafin hannu, ta tofa masa addu'a. Sannan ta juya wajen da take zaton Asha na tsaye.

"Jeki kira min matan unguwa. Duk wadda na taɓa ce wa ɗana ɗan wanki ne, ta zo ta gan shi."