Sunan da Ke Kan Allo

Suwaiba 'yar Malam Isma'ila ta Bungudu ta gama digirin zanen gine-gine, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida. Hanya uku ce a gabanta, kuma kun san halin gida, kowa ya riga ya zaɓa mata tasa.

Yayanta Muktar, direban motar Gusau zuwa Tsafe, cewa ya yi ta karanta tsara birane, ko Allah zai sa a sami mai gyara musu tasha. Mahaifinta ya fi son gajeren kwas na kula da aikin gini, domin Alhaji Bala, mai ofishin zane a Gusau, ya ce in ta yi shi zai ɗauke ta aiki, ta riƙa kwana gida. Amma fa kujerar ba za ta jira kowa ba. Ta ukun ita ce digiri na biyu a zanen kansa, can nesa, sannan jarrabawar rajistar masu zanen gini. Wanda bai bi ta nan ba, ba ya buga hatimi a kan zane, ko da hannunsa ne ya yi shi.

"Ke, na ɗauka an sauke karatun nan," in ji Gwaggo Delu. "Har waina muka soya."

"Rabi aka sauke, Gwaggo."

"To, a dawo mana da rabin wainar."

Dama Suwaiba ta taɓa zana wa matan wata unguwa a Tsafe ɗakin haihuwa, Alhaji Bala ya duba, ya buga hatiminsa. Ran nan Muktar ya kai ta ta ga ginin. Ginin ya kai linta, daidai saman ƙofofi da tagogi. Tagogi na inda ta sa su, ga rumfar masu jira. A bakin hanya an kafa allo da sunan mai zane.

Muktar ya karanta a hankali. "Ashe sunanki Alhaji Bala."

Mutumin bai cuce ta ba, ta sani. In ginin ya faɗi, shi za a tambaya.

Da la'asar ta tarar da mahaifinta yana ɗinkin buhunan dawa.

"Baba, makaranta zan koma. Digiri na biyu."

"Aikin Gusau fa?"

"A ba wani."

Ya daɗe yana jan zare kafin ya ɗago.

"Allah ya taimaka. Amma gwaggonki, ke za ki gaya mata. Ni ba zan iya da bakinta ba."