Ƙarfe Nawa?

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a wani gari da ba a ɗaura agogo. Ga ni da tsohon cikina, ina tafe ina haki kamar yadda nake yi a farke, inuwata kuwa ta gaji da jirana ta yi gaba abinta. A garin nan idan mutum yana son sanin lokaci sai ya tare ka, ya sa yatsa ya janyo fatar idonka ta ƙasa, ya leƙa. Wanda cikin idonsa ya yi jawur, wannan yana da lokaci har na bayarwa.

Wata tsohuwa mai tallar hayaƙi a ƙwarya ta sha gabana.

"'Yar nan, ƙarfe nawa?"

Ban kai ga buɗe baki ba ta janyo idona ta leƙa.

"Fari fat. Ke ai babu ƙarfe a jikinki ko na allura. Da me za ki haihu?"

"Da ikon Allah, Iya."

"To ai Shi ya halicci ƙarfen," in ji ta. Ta gyara gammonta ta wuce.

Sai ga ni a asibitin awo, wanda kuma maƙera ce. Mata masu ciki sun yi layi a kan benci, ana ta zuga wuta. Nas ɗin wata ƙadangaruwa ce cikin farar riga, sai gyaɗa kai take yi, amma muryarta ta Malama Tabawa ce sak, wadda take duba ni a farke.

"Lantana," ta ce, "jini ƙera shi ake yi, kuma da ƙarfe ake ƙera shi. Ke wutar maƙerarki ta mutu, ga ɗa a ciki yana ɗibar ɗan abin da ya rage."

Ta miƙo mini kwalba cike da jajayen ƙwayoyi. Kowace ƙwaya tana bugawa ƙis-ƙis irin na agogo.

"Ɗaya kullum, da ruwa ko da lemon zaƙi. Ban da shayi, ban da madara, tare shi suke yi a hanya su ƙwace. In kin ga bahayanki ya yi baƙi kada ki tara jama'a, aikinsa yake yi. In kin ji sauƙi kada ki daina. Naƙuda tana hanya, kuma ba ta zuwa sai da tasarta."

"A ina zan ajiye shi?"

"A cikinki," ta ce, ta haye bango.

Sai na ga ina ɗauke da gidanmu a ka, da mutanensa duka a ciki, kowa yana kiran sunana ta taga. Ban yi mamaki ba, nauyin ba baƙo ba ne. Na sauke shi a bakin hanya na shiga, na zauna yanka albasa. Wuƙa ta ɗan taɓa yatsana, jini ya fito fari sol kamar tsala.

Nan take aka rangaɗa guɗa. Wani maroƙi ya faɗo daga cikin randa, jiƙe sharkaf, yana kirari: "Ga mai farin jini! Lantana mai farin jini, kowa naki!"

Kafin in ɗaure yatsan gida ya cika. Wannan ta kawo wankinta, waccan ta kawo tukunyar sunan ƙanwarta, wani ya kawo hularsa a ɗinke masa, wata ta ajiye mini 'ya'yanta ta tafi biki. Duk suna ƙaunata ƙwarai, har rige-rige suke yi. Babu wanda ya tambaya me ya sa nake dafa bango in zan miƙe. Na ji haushi, amma sai na ji bakina yana cewa, "Ba komai, ku ajiye."

Mijina Tanimu yana zaune a tabarma a tsakar gida. Shi ne dai, da gemunsa da komai, sai dai an manna masa kunnuwa a juye. Ya hango kwalbar a hannuna.

"Wannan fa?"

"Maganin ƙarfe ne, Maigida. Na ƙarin jini. Ni aka ba."

"Maganin ƙarfi. Madalla."

"Ƙarfe na ce."

"Abin da na ce ke nan. To ke da kike zaune a gida me za ki yi da ƙarfi? Ni ne mai fita."

Ya karɓa cikin ruwan sanyi, ba faɗa ba zagi, ya jefa ɗaya a baki. Ya ce ya ji ta har tafin ƙafa. Ƙaninsa Sallau ya shigo yana kukan ciwon baya, aka ba shi. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce shi kasala ke damunsa, aka jefa masa. Can sai ga baƙi sun yi sallama. Tanimu ya zuba ƙwayoyin a faranti ya zagaya da su kamar goro, kowa ya ɗauka yana sa albarka.

"Kai, Tanimu akwai kyauta," suka ce. "Hannunsa a sake yake."

Mijina mutum ne mai kyauta, wannan ko a farke ba na musu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ranar da kyautar ta fito daga aljihunsa.

Da yamma ta yi, ƙarfe ya yi wa mazan yawa. Cokula suka tashi daga kwando suka manne a ƙirjin Tanimu. Sallau in ya yi tafiya sai ka ji ƙiii kamar tsohuwar ƙofa. Maƙwabci ya yi tsatsa har gira, matarsa na bin sa da man ja. Duk da haka ba wanda ya iya ɗaga bokitin ruwa, ni na ɗauko.

Na je wurin matan unguwa na kai kuka. Na same su a marina, kowace rijiya cike da zoɓo.

"Jini kike nema? Ga jini," in ji babbarsu, Gwaggo Delu. "Ba ki ga ja ba ne? Mu da muka haifi goma-goma wace ƙwaya muka sha?"

"Ina Kande?" na tambaya. "Ina Balaraba?"

"Waɗannan ai kwanansu ne ya ƙare wurin haihuwa. Kama ta, ku tsoma."

Suka tsoma ni, suka tsamo, suka shanya a igiya. Na yi ja har kunne. Suka ja da baya suna yaba aikinsu. Da na janyo idona na duba a cikin ruwan, yana nan fari yadda yake.

Ina rataye a igiyar ne na ji an ƙwanƙwasa daga cikin cikina.

"Umma," wata 'yar murya ta ce, "ƙarfe nawa?"

"Yi barcinka, da saura."

"A nan duhu ya fara yi. Ke ce kike rage fitilar?"

Na dafe cikina. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai ga ni a ɗakina, ana sallama a bakin ƙofa. Wata mata ce doguwa cikin mayafi, mai ladabi, ta cire takalmi kafin ta shigo. Ta durƙusa ta ajiye wata babbar tasa a gabana.

"Ni ce Naƙuda. Wucewa nake na ce bari in leƙo in ga shiri."

"Ba ki yi sauri ba?"

"Ban zo ba tukuna. Amma ranar da na zo, sai an cika mini wannan. Kowace mace tana ba ni, mai shi da yawa ta bayar ta tashi." Ta kama hannuna ta juya, ta duba tafin. "Ke in kin cika mini, me zai rage miki?"

"A bar ni in tambayi Maigida."

"Ba shi zan kwantar ba," ta ce. Ta ɗauki tasarta ta sa takalmi.

Na fita da gudu, gudun mafarki, wanda ƙafa ke nutsewa a ƙasa. Na tarar da kwalbar a kan tabarma, saura ƙwaya ɗaya tana bugawa a hankali. Na damƙe ta. Tanimu ya miƙo hannu, cokula na ƙara a jikinsa.

"Kawo, gobe ina da zirga-zirga."

"A'a."

Kalmar ta faɗi ƙasa tim, ta fasa siminti. Maroƙin ya leƙo daga randa ya ce, "Ashe baƙin jini gare ta," ya koma ya rufe murfin. Masu wanki suka kwashe wankinsu, mai tukunya ta ɗauke tukunyarta, har da tsaki. Gida ya zama wayam, iska ta shigo. Rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta.

Na ɗebo ruwa a moɗa. Itacen lemo ya tako daga bayan gida ya tsaya kusa da ni, ya sunkuyo da reshe. Na ɗaga ƙwayar zan kai baki, sai ta fara ƙara, kacau-kacau, kacau-kacau, tana ƙaruwa har ta cika garin.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Tanimu ne tsaye a gaban madubi yana girgiza kwalbar da Malama Tabawa ta ba ni, yana leƙa cikinta da ido ɗaya. Kunnuwansa daidai suke. Ya juye abin da ya rage a tafinsa, ya watsa a baki, ya kora da shayi mai kauri. Da shayi ma.

"Kin tashi? Maganin ƙarfin nan ya ƙare, in kin je awo ki ce su ƙaro. Ƙarfe nawa ne yanzu? Kada in makara."

Na tashi zaune da ƙyar, ɗakin yana juyawa. Na sa yatsa na janyo fatar idona ta ƙasa, na riƙe, na juyo masa da fuskata.

Ya dube ni yana ɗaura agogonsa.

"Wani abu ne ya faɗa miki a ido?"